Tarin da Baba ya ƙi yi

Ni mace ce mai faɗa, ban taɓa ɓoyewa ba. Da kamfanin kula da tsofaffi suka tura ni gidan wani tsoho a unguwar Marylebone, na ce musu in tsohon mai raki ne su nemi wata. Ba zan taso tun daga Thamesmead, in hau bas in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, don in zo ina lallashin ƙaton mutum ya sha shayi ba.

Ashe ba shi da raki ko kaɗan. Bayahude ne, ya daɗe da haura tamanin, siriri, kullum cikin rigar sanyi mai maɓallai. Baba nake ce masa har ya saba yana amsawa. In na yi masa tsawa don ya rage abinci, sai ya yi dariya ya ce in ƙara.

Da hunturu ya shigo, ciwon huhu ya kama shi. Likita ta ce dole ya riƙa tari yana fitar da majina, in ba haka ba ƙirjin zai cika ya kashe shi. Tari fa kawai! Baba ya ƙi. Da ya taso masa sai ya cusa fuska cikin matashi ya danne, jiki na ɓari, ido ya yi jajir, amma ko ƙis ba za ka ji ba. Na bubbuga bayansa, na dafa masa citta da zuma, na ce, "Haba Baba, kunyar wa kake ji? Ni da nake yi maka wanka?" Ya kawar da kai.

'Yarsa ta zo duba shi, na tare ta a kicin ina mita. Ta ja kujera ta ba ni labari. Baba yana ɗan yaro a Holand lokacin yaƙi, sojojin Jamus suna kwashe Yahudawa. Iyayensa suka miƙa shi ga wata mai wankau, ba danginsu ba ce, ba addininsu ɗaya ba, ta ɓoye shi a ƙarƙashin matakala. Matsoraciya ce ta gaske, ko mota ta tsaya a waje sai kwano ya suɓuce mata. Kullum tana yi masa faɗa, tana cewa shi ne ajalinta, kullum kuma ta raba burodinta biyu. Wata rana maƙwabci ya ji tarin yaro ta bango, a gidan da kowa ya san ba yaro. Da ta ji an kai ƙara, ta sa wani mai kai madara ya fita da yaron, ita ta zauna don kada a ga gida ba kowa a bi sawunsu. Aka tafi da ita. Ba ta dawo ba.

Ni da na ɗauka jarumi shi ne wanda ba ya tsoro, ga mace matsoraciya ta zauna tana jiran a buga mata ƙofa. Na hau wanke kofin da na riga na wanke.

Zazzaɓi ya yi ta ƙaruwa, tunaninsa ya fara gauraya abin da ya wuce da na yanzu. Wata la'asar mai kawo magani ya ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi. Baba ya damƙe hannuna, ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Tari ya taso, ya danne, ƙirjin na ƙara kamar tukunya a wuta. Na durƙusa gaban gadon na sassauta murya.

"Baba, yaƙi ya ƙare tun da daɗewa. Ba mai zuwa. Don Allah ka yi tarinka."

Ya dube ni, ya ɗora yatsa a leɓe, ya jawo ni ƙasa.

"Yi shiru," ya ce a hankali. "In suka ji, ke za su ɗauka."

Wayyo Allah. Ashe ba don kansa yake dannewa ba.

A asibiti ya rasu cikin makon. Da na je ɗaukar kayansa, wata nas ta ce min ba ta taɓa ganin majinyaci marar hayaniya irinsa ba. Yabonsa take yi, baiwar Allah. Na ce mata na gode, na fita, na zauna a tashar bas da jakarsa a cinyata na yi ta kuka.