Almakashin Mai Fiza

Har yau ranar da na sayi abinci a kan sikeli a birnin Rum tana nan a raina. A tsakiyar shekarun 1970 ne, ina ƙaramin bakanike a garejin taraktocin noma na Gaya, aka tura mu kwas na wata biyu a ƙasar Italiya. Mu huɗu ne, shugabanmu Malam Sale, babban bakanike, mutumin Toranke. Ƙa'idar ita ce sai shugaba ya kammala kwas za a ba garejinmu sababbin taraktoci.

Malam Sale kuwa ya ƙi cin komai sai busasshen burodi da shayi, don tsoron alade. Kwana shida, idanunsa suka faɗa. Ya ce in aka kai Juma'a a haka, gida zai koma. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin manoman Kademi da Gafasa sun riga sun sa rai.

Na kai kuka wurin malaminmu na kwas. Ya ce in je shagon fiza, wata gurasa mai faɗi da tumatir a kai, wadda ake yankawa a auna. Ya ba ni kalmomi, na rubuta da ajami a bayan katin aikina: "senza maiale", ba alade, "così", kamar haka, kana nunawa da hannu, "basta", ya isa.

Na ja Malam Sale muka je. Wata dattijuwa ce mai shagon. Na karanto katina kamar mai biya allo, ta yi dariya ta nuna mana ta tumatir zalla, ta ɗaga kwalbar man zaitun don mu ga ba kitsen alade take sawa ba. Na buɗe hannu na ce "così". Sai ta ɗauko almakashin da ta gama yanka mai nama da shi.

Malam Sale ya riƙe mini riga. "Habu, mu tafi. Dubi almakashin."

Na duba katina, babu kalmar wannan. Na nuna almakashin, na nuna tiren naman, na girgiza kai. Ta dube mu jim kaɗan. Ta je famfo ta wanke shi da sabulu a gabanmu, ta ciro sabon tire daga tanda, ta yanka ta ɗora a sikeli. Da na ce "basta" ta naɗe, sannan ta yanko wani ɗan yanki ta ɗora ba tare da awo ba.

Malam Sale ya ce, "Ikon Allah, ashe su ma sun san gyara."

A tsaye ya cinye, ya tura ni in ƙaro. Daminar da ta biyo, da sababbin taraktoci muka yi huɗa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku yaran gareji, in manomi ya zo yana nuna injinsa da hannu ya kasa faɗin sunan abin da ya lalace, kada ku yi masa dariya ku wuce. Ku tsaya ku dubi inda yake nunawa. Ni ma na taɓa tsayawa a gaban kanta, kalmomina uku sun ƙare.