Ƙoƙon da Kaka Dela Ta Yi Wa Zane Uku

Na daɗe ina juya wannan magana a cikina kafin in ɗauki bik in rubuta. Sau uku ina farawa a tsohon kayen ɗiyata, littafin rubutunta na makaranta, sau uku ina yage takardar in cusa a murhu. Tsoro nake ji kada ya zama tsegumi, a kan mutanen da suka riga mu kwanciya, waɗanda ba su da bakin kare kansu. Ina kuma tsoron kada tunanina ya ƙara abin da bai faru ba, don ni lakol ɗina bai wuce aji shida ba, aikina facin tayar moto ne a bakin kasuwar Gangara. Amma magini ya ce da an gama girbi zai shafa siminti a bangon majami'ar ƙauyenmu, ya rubuta sunayen waɗanda suka kafa ta. Akwai suna ɗaya da ya kamata ya shiga, ni kuma ban san shi ba. Shi ya sa na rubuta.

Kaka Dela uwar babana ce, sana'arta zanen ƙorai. Lokacin sanyi, da mun gama cin tuwon almuru, sai ta hura wutar karan hatsi a tsakar gida ta jera ƴan wuƙaƙenta a ciki. In ɗaya ta yi ja ta zaro, ta ɗora a bayan ƙwarya, sai ka ji "cuuu", ƙaurin ya cika gidan. Har yau in na ji ƙaurin ƙwarya sai in waiwaya. Mu kuma muna kewaye da ita, ni da ƙanwata Rahila da ƴaƴan Malam Isufu maƙwabcinmu. Su musulmi ne, amma gujiyar da Kaka ke gasawa a toka ba ta tambayar addinin kowa.

"Kai Ayuba, mijin banza, matsa daga hayaƙi," haka take ce mini. "Kada ka shaƙe ka bar ni da zawarci a wannan tsufa."

Yawancin ranaku labarin kura da zomo ne. Amma akwai wanda take farawa da cewa, "Yau ba kura, ba zomo. Yau na gaske ne. Wanda ya yi dariya ba shi da gujiya." Da mun ji haka mun san labarin Baba Dungu ne.

Tana amarya, shekararta ta biyu a gidan kakanmu, wani mutum ya iso ƙauyen daga yamma bisa farin jaki. Yana da tsagen Gobirawa a kumatu. Kuturta ta cinye masa yatsu, sai rabin babban yatsa a hannun hagu, hancinsa kuma ya lotsa. Ya ce an yi masa magani a wani asibitin masu bishara, cutar ta mutu a jikinsa, ba ta kama kowa, abin da ta ci dai ta ci. Ba wanda ya yarda. Aka bar shi ya kafa bukka a gindin gawo bayan gari, ana kai masa tuwo cikin fasasshen kasko, a ajiye daga nesa a juya. Ya faɗi sunansa ranar da ya zo, amma ba wanda ya riƙe. Yara suka sa masa Dungu, manya suka ƙara Baba a gaba don kunya.

Yana da Littafi Mai Tsarki cikin jakar fatar akuya, rataye a wuyansa. Da leɓe yake buɗe shafi, har gefen takardun ya yi baƙi. Nan Kaka takan dunƙule hannuwa ta kwaikwaye shi, mu kuma mu toshe baki saboda gujiya.

Lokacin mutanen gidanmu ba su salla, iskokin gida suke yi wa yanka. Kakanmu ne ya fara zuwa gindin gawon, ba don wa'azi ba, don wani gyambo da ya ƙi warkewa a ƙwaurinsa. Mutumin ya iya wankin ciwo, ya koya a asibiti. Yana nuna wa Kaka yadda za ta wanke da ruwan gishiri, yana ba su labarin masu bi na farko, can zamanin da, a wasu birane masu nisa. Ya ce ana farautarsu, sai su taru a ɓoye cikin gidaje, bawa da ubangijinsa su sa hannu a akushi ɗaya, su sha a ƙoƙo ɗaya. In annoba ta shiga gari kowa ya gudu, su sai su tsaya jinyar waɗanda aka yar. Kafin damina biyu mutum shida suka bi shi, ya koya wa uku karatu.

Sai ranar jibin Ubangiji na farko, wato ranar da masu bi ke ci tare su sha a ƙoƙo ɗaya. Ba su da komai sai wainar hatsi da ruwan zoɓo, da wani ƙoƙo da Kaka ta kawo daga ɗakinta. Ya yi addu'a, ya matse ƙoƙon tsakanin dungayensa ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi. Na kusa da shi kuwa Kaka ce.

"Na duba bakin ƙoƙon," in ji ta, "ga yawu ya yi zare, ga warin man nan da yake shafa wa ƙafarsa. Tuwon jiya ya taso har nan." Sai ta dafa maƙogwaro.

"Tir! Kaka, kin sha?"

"Na runtse ido na sha. To ga ni. Ku ƙirga."

Sai ta ware yatsunta goma a hasken wuta, mu bi su ɗaya ɗaya da ƙarfi, har ƴaƴan Malam Isufu. Da mun kai goma sai ta tafa, ta raba gujiya, kowa ya watse. Shekaru ina tsammanin nan labarin ya ƙare, ina kuma alfahari da shi.

Rahila ce ta ɓata shi. Wata rana da muka kai goma sai ta ce, "Kaka, to ina ƙoƙon yanzu?"

Kaka ba ta tafa ba. Ta bar wuƙa a wuta har ƙotar ta fara cin wuta. Ta ce wa ƴaƴan Malam Isufu su tafi an kusa kiran isha, ta ba su rabonsu a hannu. Sannan ta gaya mana sauran, sau ɗaya tak, ba ta sake ba har ta mutu.

Da masu bi suka yi yawa, aka gina ɗakin sujada na laka, aka naɗa dattawa. Sababbin shiga suka ce su kam ba za su sha bayan kuturu ba. Dattawa suka zauna, har da kakanmu, wanda wannan mutum ya warkar wa ƙafa. Suka yanke cewa a saya wa jama'a sabon ƙoƙo, tsohon ya zama nasa shi kaɗai, ya kuma riƙa sha a ƙarshe, a bakin ƙofa. Don kada ƙoƙunan su haɗu, aka ce a yi wa nasa shaida. Wa ke zanen ƙorai a ƙauyen?

"Ni na sa wuƙa a wuta," in ji Kaka. "Zane uku na ja a gindinsa, irin wanda ake yi wa ƙwaryar kare don kada ta shiga cikin na mutane. Da aka kai mishi ya juya shi, ya duba, sai ya ce, Dela, hannunki na da kyau. Shi ke nan abin da ya ce."

Sabon ƙoƙon ana wanke shi da toka a adana cikin akwati. Nasa kuwa a jikin darni ake rataye shi, a waje, don ba mai son ya taɓa shi balle ya wanke. Rana ta doke shi, ƙadangaru su yi kashi a ciki. Ranar wani jibi aka sauko da shi, aka tarar zanzaro ya yi gini a ciki, da tsutsotsinsa. Wani dattijo ya kama shi da ganye, ya buga a jikin gungume sau biyu, ya tsiyaya zoɓo daga sama don kada bakin tulu ya taɓa. Laka da kashin ƙadangare suna yawo a kai. Duk ɗakin ana gani, ana kuma waƙar yabo. Baba Dungu ne ya yi wa'azi a ranar. Ya karɓa ya shanye.

Da aka cire amfanin gona ya ɗaura wa jakinsa akumari ya nufi yamma. Littafin ya bar musu, tun da ba su da wani.

Na tuna Rahila ta yi kuka. Ni ban yi ba. Abin da na tambaya shi ne, "Kaka, yanzu ba gujiya?" Ina da shekara tara ko goma, amma wannan tambaya tana cikin abubuwan da nake roƙon gafara a kansu har gobe.

Abin da ya tono duk wannan, watan jiya ne. Ran Laraba muna nazarin Littafi Mai Tsarki a ƙauye, sabon fastonmu, matashi mai ƙoƙari, yana koya mana tarihin ikilisiyar farko, wato masu bi na can da. Ya yi ta bayanin akushi ɗaya da ƙoƙo ɗaya, da yadda ba a ware kowa, muna ta cewa amin. Da aka gama, sai Dattijo Barmo, shugaban masu shirya bikin tunawa da kafa majami'ar, ya tashi ya karanta sunayen da za a sa a bango. Suna shida. Na kakanmu ne na biyu. Wanda ya kama ƙoƙo da ganye shi ne na huɗu.

Ni ba mai magana cikin taro ba ne, gumi nake yi. Amma na ji bakina ya ce, "Dattijo, Baba Dungu fa?"

Sai wasu suka yi ƴar dariya. Dattijo Barmo ya ce, "Haba Ayuba. Dungu za mu rubuta a bangon ɗakin Allah? Baƙi fa za su zo daga Maradi. Ka koma facinka."

Fasto bai taɓa jin labarin ba, sai na ba shi a tsaye, ina in'ina. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Baba Ayuba, sunan ba'a kam ba zan sa ba, zagi ne na biyu. Ka kawo sunansa na gaskiya, shi zai hau sama da kowa." Ya juya ga tsofaffi. Mutum goma sha wani abu masu furfura, duk sun san labarin buɗe shafi da leɓe, duk sun iya kwaikwayonsa, ba ɗaya da ya san sunan. Littafin da ya bari ma, wai an ƙone shi tun da daɗewa da aka sami sababbi, saboda baƙin gefen takardun. Wata tsohuwa ta ce kamar akwai rubutu a shafin farko.

Na hau moto na dawo Gangara. Ƙyamar kanmu nake ji, mu duka. Mun ɗauki labarin masu akushi ɗaya daga bakin mutum, mun rataye ƙoƙonsa a darni, yanzu kuma za mu rubuta sunayenmu da siminti. Na so in tsaya a kan Dattijo Barmo, amma ban isa ba. Shekara hamsin ina ce wa mutumin nan Dungu. Ranar da aka kawo ƴan ƙananan kofuna na roba a majami'a don shan jibi, kowa da nasa, ni na fi kowa murna, don ni mutum ne da in na gaisa da mai tari sai na nemi ruwa.

Ƙoƙon yana wurina. Da Kaka ta mutu muka same shi a ƙasan tukunyar kayanta, naɗe cikin zanen aurenta, wankakke fes. Ga zane uku a gindinsa. Ban san ko ita ta ciro shi daga darni ba, ko shi ya aje mata. Ranar da na dawo daga nazarin nan na ɗauko shi, na zuba ruwa, na kai baki. Na san cutar ta mutu tun kafin a haifi ubana. Na san Kaka ta wanke shi ba sau ɗaya ba. Duk da haka na sauke shi ban sha ba. Matata ta ce, "Malam, mi kake yi da tsohon ƙoƙo?" Na ce ba komai, na zubar wa kaji. Na rubuta wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka na fi waɗancan dattawa. Da ina can, ina jin ni zan miƙo ganyen.

Yanzu na gane dalilin da Kaka take sa mu ƙirga yatsunta. A da na ɗauka nuna mana take ba ta kamu ba. Yanzu ina ganin duba su take ita ma, yatsu goma lafiyayyu, da abin da ta yi da su.

To ga roƙona. Ku mutanen Gidan Rumji, da Sae Sabuwa, da kewayen Tibiri, musulmi ko masu bi, ku tambayi tsofaffinku. Ko akwai garin da wani kuturu mai tsagen Gobirawa ya sauka da farin jaki, mai rabin babban yatsa a hagu, wanda ya iya wankin ciwo da ruwan gishiri, ya iya karatu amma ba shi da littafi. Wani gida ya ba shi masauki, wasu hannuwa suka binne shi. Direbobin da ke zuwa kasuwar Gangara duk sun san Ayuba mai faci, a ba su saƙo. Fasto ya sa magini ya yi alkawarin barin fili a saman sunayen, amma hatsi ya riga ya fara nuna. Ba kabarinsa nake nema ba, in an samu dai na gode. Sunan da uwarsa ta kira shi da shi nake nema.