Bobboi, Ungozomar Shanu

Da an idar da sallar asuba, Malam Bobboi zai koma zaurensa da ke bakin garin Gashuwa, ya ɗumama ruwa, ya tsoma yatsunsa a ciki har su yarda su lanƙwasu. Sannan ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna yana kallon hanya. A da bai san zama ba. Kafin ya gama shan kunu babur ya tsaya, a ce saniya ta kasa haihuwa a Dapchi, ko karsana na wahala a wata ruga bayan Jajimaji. Yanzu baburan wucewa suke yi, a ɗaga masa hannu kawai. Matarsa Hassana ta rasu, 'ya'yansa suna Kano da Damaturu, babu wanda ya gaji sana'ar. Kaɗaici ya dame shi, kuma ba ya ɓoyewa.

Ungozomar shanu ake ce masa. Da tsokana aka fara, sunan ya bi shi. Shiga kasuwar shanu ta Nguru ka ambace shi, ba za ka rasa wanda zai nuna maka wani ƙaton bijimi ya ce Bobboi ne ya fito da shi duniya ba. A wurin kawunsa ya koya, kuma ya shekara da shekaru yana riƙe wutsiyar saniya kafin a yarda ya sa hannu.

Daminar bara aka ga aikinsa na ƙarshe. Wani magidanci makiyayi mai suna Abdulhamid, saniyar da iyalinsa ke shan nononta ta fara naƙuda. Mutumin ba rago ba ne, ya sha kallon bidiyon haihuwar shanu a wayarsa har ya haddace. Da ya ga ƙafafun gaba sun leƙo, ya ɗaura igiya, shi da ƙannensa suka yi ta ja. Maraƙi ya ƙi fitowa, saniya ta kwanta tana nishi. Da rana ta take suka ɗauko Bobboi. Tsohon ya naɗe hannun riga, ya gwada, yatsun suka ƙi kama komai. Ya koma gefe ya zauna a kan turmi, ransa a ɓace.

"Kwance igiyar nan," in ji shi. "Wanke hannunka, ka shafa mai, ka shiga."

"Baffa, ai a waya na ga ja ake yi."

"Wanda ka gani kansa a gaba yake. Faɗa min, me ka taɓa?"

"Ƙafa. Sai wani abu mai laushi, ban san ko mene ne ba."

"Wuya ne. Kan ya juya baya. Bari ta daina yunƙuri, ka tura shi ciki."

Abdulhamid ya ɗago ya dube shi. Abin da aka wuni ana ja, a ce a mayar? Amma ya bi. Ya lalubi bakin maraƙin kamar mai neman allura a cikin buhun gero, tsoho na ce masa ya rufe haƙoran da tafin hannu kada su yaga mahaifa. A hankali ya juyo da kan gaba. Kafin la'asar maraƙi ya faɗo da ransa, uwar ta miƙe tana lasarsa.

A ranar nan Abdulhamid ya yi alkawarin zai riƙa zuwa koyo. Da rani ya shigo ya bi garkensa kudu neman ciyawa, har yau bai leƙo ba. Bobboi bai ga laifinsa ba, bai ga na waya ba. "Masu bidiyon ba su yi ƙarya ba," in ji shi. "Amma a cikin haske suka nuna, cikin saniya kuwa ido ba ya shiga. Abdulhamid sau ɗaya ya taɓa. Maraƙi na gaba zai iya zuwa ta baya, ko su zo biyu."

Malam Bobboi, kai ne ka shiga rana da ruwan sama don dabbar da ba taka ba. Kai ne ka hana gidaje da yawa kwana babu nono. Ka ba aikin nan yatsunka har suka ƙare, kuma ba mu taɓa tara mutane don mu ce maka sannu ba. To, sannu. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya.

Ku kuma masu shanu daga Nguru har Jakusko, ku ci gaba da kallon wayoyinku, babu wanda ya hana. Amma ku je wurin tsohon nan tun bakinsa na iya magana. Da aka tambaye shi wace kyauta yake so, bai ambaci riga ko hatsi ba.

"Ku ce musu duk saniyar da za ta haihu su zo su ɗauke ni, ko da lafiya lau take. Ba zan taɓa komai ba. Zan zauna a gefe, su sa hannu, su faɗa min abin da suka ji."