Goggo Hajara da Kogin da Ke Dawowa

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji uku, ina dawowa daga famfo da bokiti a ka sai na ji ana buga ƙarfen bakin ruwa ba ƙaƙƙautawa. A Borokiri, unguwarmu ta bakin teku, ko yaron goye ya san wannan ƙara. In an buga a hankali, ruwa ne ya juyo, kowa ya fito daga taɓo. In kuwa aka buga da sauri haka, to akwai mutum a ciki. Ban san lokacin da na yar da bokitin ba.

Tsohon ƙarfen tayar mota ne, an rataye shi a wata rumfar katako mai dogayen ƙafafu da mazan unguwa suka kafa. Masu gadin ruwa muke ce musu. Babu mai biyansu. Masunta ne da leburori da waɗanda suka ajiye aiki, kowa da ranarsa. Kayan aikinsu igiya ne, da jarkoki, da kwalekwale ɗaya. Mu yara haushinsu muke ji, don in ruwa ya janye muka bazama farautar ƙaguwa da gwangwanin madara, wasa na fara daɗi sai a buga ƙarfe. Wanda ya fi takura mana shi ne Malam Ayuba, mutumin Kafanchan, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ruwan nan ba ya sallama in zai shigo."

Ran nan shi ke kan rumfa. Na iso na tarar da Innarmu ko mayafi babu, mata sun rirriƙe ta. Na bi hannun Malam Ayuba da kallo, sai na hango Goggo Hajara, yayar Babanmu, tsaye a wani ɗan tudu da ƙanena Sani goye a bayanta, ruwa ya zagaye su.

Goggo ta zo mana Sallah ne daga ƙauyenmu na wajen Gusau, zuwanta kudu na farko ke nan. A can gida in kogi ya ƙafe, ya ƙafe ke nan sai wata damina. Ta cikinsa ake bi a je gona, a ciki yara ke langa. Da ta ga namu ya zama fili, ga busassun itace a tsallake alhali Inna na sayen gawayi, sai ta ga wannan ai lalaci ne. Ta goya Sani, ta ɗauki igiya, ta kama hanya. Babu wanda ya taɓa gaya mata ruwan nan kullum yana tafiya yana dawowa. Mu a wurinmu kamar fitowar rana ne, wa zai tsaya yin bayani? Bugun farko ma ta ji shi, ta ɗauka na coci ne.

Goggo ta tattare zane za ta ratso, tunda a idonta ruwan bai kai gwiwa ba. Ba ta san taɓon ƙasa in ya kama ƙafa ba ya saki ba. Masunta na ta yi mata ihu da Turancin buroka, ko kalma ɗaya ba ta ji. Sai Malam Ayuba ya haɗa hannuwa a baki ya ce da Hausa, "Baba, tsaya inda kike. Kada ki taka ruwan. Mayar da yaron wuyanki." Jin harshen gida ya sa ta tsaya cik. Don kada ta motsa, sai ya shiga gaishe ta daga nesa, ya gajiyar hanya, ya mutanen gida, ya dabbobi. Goggo kuwa ba ta yanke gaisuwa ko gida na cin wuta. Tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, Tamuno masunci na tuƙa kwalekwale.

Kafin ya isa ruwa ya kai mata ƙugu. Ya karɓi Sani, ya jawo ta ciki, wai sai da ta roƙe shi ya tsamo mata damin itacen. Da aka miƙa wa Inna yaron, sai ta zauna cikin laka tana kuka tana dariya. Ni ma ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokacin ba. Shi gogan ko a jikinsa, ɗankwalin Goggo yake tauna.

Har ta koma gida, kullum da safe Goggo kan kai kunu rumfar nan da kanta. Babanmu, da bai iya iyo ba, ya je ya karɓi ranar gadi. Ya ce ido dai yana da shi.

Yanzu an cike wajen da yashi an yi gine-gine, rumfar babu ita, Malam Ayuba ma ya riga mu gidan gaskiya. Bara na je na tsaya a bakin ruwan da ya rage, yara na wasa, manya kowa kansa a waya, na rasa wanda ke kallon ruwa. Sani na nan da iyalinsa, bai tuna komai ba. Ni kuwa har yau in mai facin taya ya buga ƙarfe, sai na juya na ƙirga yarana.