Kocin da Ya Kai Mu Gidan Burodi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Haladu Koci ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya iso ni, ina riƙe da kofin shayi ban kai baki ba. Ɗansa ne ya bugo daga Kuru, ya ce, "Baba Tela, tsohon ya tafi bayan asuba." Na ajiye kofin, har yanzu yana nan inda na ajiye shi.

Na zauna in rubuta ta'aziyya, sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Ku yi mini uzuri, jama'a. Mutumin nan ba a iya tuna shi da fuska a murtuke.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya koya mana judo a Jos, can ƙarshen shekarun saba'in. Tsohon soja ne, a bariki ya koyo. Gajere, kakkaura kamar turmi, in ya yi tsawa sai kajin maƙwabta su watse. Mu kuwa tarkace ne ya tara: ni ɗan tela, Bulus mai dakon itace a kasuwar Katako, sai wasu 'yan makaranta. Mutanen unguwa suna ce wa abin namu kokawar masu farar riga.

Horonsa ba wasa. Da an sallame asuba sai gudu har Naraguta, sanyi yana yanka kunne. Tudun ƙasar nan da masu haƙar kuza suka tara, shi muke hawa, kowa goye da ɗan'uwansa. Ni Allah ya haɗa ni da Bulus, wanda tuwo uku ba ya yi masa komai. Ranar Asabar kuma Katako, mu sauke wa mutane lodin katako a banza, su yi ta sa wa Koci albarka, mu kuwa kafaɗa na ciwo.

Mun yi ƙarfi fa! Har ji muke babu mai taɓa mu a ƙasar nan.

Sai aka kira gasar jihohi a Maiduguri, tsakiyar bazara.

Ku ji abin da 'yan Jos suka yi. Kowannenmu ya cusa suwaita da bargo a jaka. Ni wallahi har da hular sanyi na tafi. Da muka sauka daga mota iska ta buge mu, Bulus ya waiga yana neman inda gobara ta tashi.

Karona na farko da wani dogon ɗan Barno ne. Na fi shi ƙarfi, kowa ya gani. Amma shi bai yi garaje ba, ya yi ta ja da ni muna zagaya katifa, yana jiran rana ta yi masa aiki. Ta kuwa yi. Numfashi ya ƙare, yatsuna suka saki rigarsa da kansu, ido ya yi duhu. Ban san lokacin da ya ɗaga ni ba. Na farka ne a bayan Koci, ya goya ni yana neman inuwa, yana cewa, "Laifina ne, Tela, ba naka ba. Na shirya ku don Jos."

Kafin mu dawo labari ya riga mu isowa gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maganarsa kamar almakashinsa take. Ya ce an gama, in zauna a kan keken ɗinki.

Koci ya zo shagonmu da kansa. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, soja guda. Ya ce, "Baba, aron yaron nan na zo. Sau ɗaya tak."

Baba bai ɗago daga ɗinkin da yake yi ba. Ya ce, "Na ara maka. Amma in aka sake goyo mini shi, farar rigar nan zan yanka ta in yi wa filo riga. Na ga yadin yana da kauri."

Da aka sanar da gasar baɗi, sai aka ce Sakkwato. An gudu ba a tsira ba ke nan.

To, ina za a samo zafin Sakkwato a Jos? Garin da man gyaɗa yake daskarewa a kwalba?

Wata rana da azahar Koci ya ce kowa ya sa suwaitarsa a ƙarƙashin rigar judo ya biyo shi. Muka bi shi lungu-lungu har gidan burodin Baba Dung, wani dattijo abokinsa. Aka buɗe mana ƙofar ɗakin tanderu. Jama'a, zafin da ya fito ya tarbe mu, sai da na ja da baya.

Baba Dung ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Oga Koci, in ɗaya daga yaran nan naka ya faɗi cikin kwaɓi, ni zan gasa shi in sayar fa. Ba ruwana."

Koci ya ce, "Ka fara da Bulus, zai yi auki."

Lokacin babu injin murza a gidan. Da hannu ake yi, cikin wani dogon akwatin katako kamar kwalekwale. Muka wanke hannu har gwiwa, aka ɗaura mana ƙyalle a goshi don kada gumi ya ɗiga, muka duƙa. Ka cusa yatsu, ka damƙa, ka jawo, ka naɗe, ka danna da dukkan nauyinka. Kwaɓin buhu guda ba ya jin lallashi, riƙe ka yake yi kamar mai neman faɗa. In an gama murza, mu sauke buhunan fulawa daga mota, kowa ya rungumi nasa ya yi ta tsugunne yana tashi a gaban bakin tanderu. Daga nan sai kamun riga, biyu-biyu, a nan cikin zafin.

Makon farko ko allura ban iya riƙewa ba. Mahaifina ya ga ina fama da zare, ya ce, "Filo na jira."

Abin da ba na mantawa, wurin da ya fi kusa da wuta nan Koci yake tsayawa, shi ma da suwaitarsa. Bai taɓa sa mu inda bai fara tsayawa ba. Ya ajiye tulu a bakin ƙofa, ruwa da ɗan gishiri da sukari, kuma idonsa na kan kowa. Da ya ga leɓenka ya bushe sai ya ce, "Fita ka sha iska, ba kashe ka na zo yi ba." In Baba Dung ya raba mana burodi, shi ne mai ɗaukar wanda ya ƙone, wai ya fi son sa. Sai da na girma na gane ba son sa yake ba.

A hankali jiki ya saba. Ranar da na ga Bulus yana waƙa a bakin tanderu, na san an zo wurin.

Sakkwato! Muka shiga zauren, rufin kwano, fanka ɗaya tana juya zafi. 'Yan kallo suna fifita da kwali. Bulus ya shaƙi iskar, ya dube ni ya ce, "Tela, ashe nan ma sanyi ake yi."

Kuma wa aka haɗa ni da shi? Dogon nan na Barno! Ya gane ni, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗan Jos, ka zo da bargon?"

Aka fara. Ya koma dabararsa ta bara, ja da baya, zagaye, jiran in narke. Na damƙi wuyan rigarsa da hannun riga. Ya fizga, ban saki ba. Ya murɗa, ban saki ba. Rigar ta jiƙe sharkaf tana santsi, amma wanda ya yi wata da watanni yana damƙar kwaɓi, rigar mutum ai hutu ce. Ya kai hannu ya ja tawa har wuyanta ya yage, na ji ƙarar, na tuna filon Baba, na ƙara damƙa.

Can sai na ji numfashi yana fita kamar zugazugi. Na saurara. Ba nawa ba ne, nasa ne!

Daga gefe muryar Koci ta tsaga zauren: "Tela! Ya yi laushi! Naɗe shi!"

Na jawo, na juya, na sa ƙugu. Jama'a, dogon mutum yana da daɗin kayarwa, sai da ƙafafunsa suka gaisa da fanka! Tim! Alƙali ya ɗaga hannu sama. Bulus ya yi ihu da yarensu, Koci ya yi tsalle kamar yaro, hularsa ta faɗi bai ma sani ba. Ɗan Barno ya tashi, muka sunkuya wa juna, ya rungume ni ya ce, "Me suka ba ka ka ci?" Na ce masa burodi.

Ban ci kofin ba, kada in yi muku ƙarya, wani ɗan wasa, ɗan sanda, ya kayar da ni a karo na gaba. Amma da ƙafata na fito daga zauren, da ƙafata na shiga shagon Baba. Na miƙa masa rigar. Ya juya ta, ya duba yagewar, ya ɗauko almakashi. Sai ya datse zaren da ya zazzago, ya hau keke ya yi wa wuyan ɗinki biyu. Ya jefo mini ya ce, "Wanda ya ɗinka ta tun farko ba tela ba ne."

Ganina na ƙarshe da Koci bayan ƙaramar Sallar nan ne, a Kuru. Na same shi a ƙofar ɗaki cikin suwaita biyu, ga kaskon gawayi a gabansa. Ya ce, "Ka gani, Tela? Yanzu ni ke neman tanderu." Na durƙusa in gaishe shi, sai kawai na ji hannu a wuyan babbar rigata. Tsoho tukuf, amma na fizga na kasa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ka daina murza kwaɓi, Alhaji. Ka koma cin sa." Sai da ya ga dama ya sake ni.

Yau an sallace shi, gobe in Allah ya kai mu ni da Bulus za mu koma zaman makoki. Ya ce zai biya ya sayo burodi, kuma in akwai wanda ya ƙone, namu ne.

Ya Allah, bawanka Haladu ya tsaya kusa da wuta don 'ya'yan mutane su sha iska. Ka nisanta shi da wutar lahira, ka sanyaya makwancinsa, ka gafarta masa, ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai sa masa addu'a ba.