Ranar da Lissafin Kawu Ya Ƙi

Ƙanin mahaifiyata ya shafe shekara goma sha tara yana aiki a ɗakin da ba taga. Sanyi ne a ciki kamar firij, ga manyan kwamfutoci jere a kan kantocin ƙarfe. Saba ake ce musu, kuma su ke amsa duk wanda ya shiga shafin rajistar makarantun jinya ta intanet. Ko rana na ƙona ƙafa, Kawu da rigar sanyi yake fita. Mura kuwa ta zama 'yar gida a hancinsa.

Sarkin Layi abokan aikinsa ke kiransa, don abin da ya iya ke nan: mutum nawa ke zuwa a minti, tsawon wane lokaci ake yi da kowa, to ina layin zai tsaya. Yakan ce saba da mai aski duk ɗaya ne. In mai aski yana samun ɗan hutu tsakanin kai da kai, layi ba ya tsawo. Ranar da ya rasa hutun nan, wanda ya zo aski sai ya yi gemu kafin a zo kansa. Shi ya sa ba ya yarda a ɗora wa saba fiye da kashi bakwai cikin goma na ƙarfinta.

Ba a zuwa asibiti da shi a huta. Yana zama zai zuba wa agogo ido, bakinsa na motsi.

"Allah ya shirye ka," in ji Mama. "Mutane na fama da ciwo, kai kana ƙirga su."

Bai yi arziki ba, ƙarin girma ma ta kansa yake tsallakewa, don aikinsa ba a ganinsa sai ya ɓaci. Abin da ya mallaka shi ne maganarsa. In ya ce abu zai ɗauka, to zai ɗauka, kuma duk dangi mun san haka.

Shekarar da na nemi makarantar jinya ita ce damata ta ƙarshe, domin shekaruna sun zo bakin iyakar da hukumar makarantun ta sa. A shekarar ce kuma manajansu ya tambaye shi ko saba shida cikin goman za su isa rajistar, a ba wani sashe sauran huɗun. Kawu ya yi mako guda da alƙaluman shekarun baya, ya sa hannu cewa shida sun isa.

Kwana uku aka bayar na rajista, ni kuwa sakamakon jarrabawata sai safiyar rana ta uku zai fito. Na kira shi hankalina a tashe.

"Ke 'yar nan, kwantar da hankalinki," ya ce. "Ko da yamma kika shiga, daƙiƙa huɗu za ki jira. Na lissafa."

Ƙarfe biyu na rana ina shagon kwamfuta na bakin titinmu. Na cike komai, na danna. Wani ɗan da'ira ya hau juyawa. Na sake dannawa. Na duba hagu da dama, kowa dannawa yake, wata mata ma da waya biyu a hannu bayan kwamfutar da ke gabanta. Ƙarfe biyar aka rufe shafin, da'irar nan na ta juyawa, sunana bai shiga ba.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Lissafin Kawu ya ɗauka kowa sau ɗaya zai zo, ya tsaya a layi ya jira. Ranar, saba ɗaya ta ɗan sarƙe, jira ya kai rabin minti, sai mutane suka fara sake dannawa. Kowane danni sabuwar buƙata ce, ta farkon kuma tana nan a layi ba ta fita ba. Mutum ɗaya ya zama talatin.

Ba su kore shi ba. Sito suka mayar da shi, inda ake jibge matattun kwamfutoci. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, haushinsa na ji ƙwarai. Wata biyu ban gaishe shi ba, Mama ta yi faɗa har ta gaji.

Shi ya zo da kansa wata Asabar, da littafin lissafinsa a hammata. Ya rame. Ya zauna a bakin kujera kamar baƙo.

"Tambaya ɗaya na zo yi," ya ce. "Sau nawa kika danna?"

"Ban ƙirga ba, Kawu. Ya fi hamsin."

Ya rubuta. "Me ya hana ki jira?"

Ba faɗa a muryarsa, so yake ya sani. Na ce, "Tsoro nake ji."

Ya daɗe da biro a saman takarda, yana bin layukan lissafin da ido, yana neman inda zai sa wannan. Can ya rufe littafin.

"Ki yafe mini, 'yar nan."

Na ce na yafe, kuma har zuciyata na faɗa. Shi ne dai bai karɓa ba.

Yanzu magani nake miƙawa a wani ƙaramin kemis. Bara Kawu ya rasu, ciwon huhu. Da muke kwashe kayan ɗakinsa na ga wani fayil, a ciki kwafin wasiƙu bakwai da ya aika wa hukumar makarantun, ɗaya kowace shekara, babu amsar ko guda. Ta farko tana roƙon a ƙara shekara ɗaya a kan iyakar shekarun masu nema. Ta biyu, shekara biyu. Ta ƙarshe, da rubutun da ya fara karkarwa, shekara bakwai yake roƙo.