Gabun Goggo da Hanyar Ƙonni

Jikata ce ta jefa gabu a miya ɗazu, ƙamshin ganyen albasar ya bugi hancina, sai na kasa zama. Bari in gaya maka abin da ya tayar mini.

Ina yarinya Nasara suka raba ƙasa, garinmu Illela ta faɗa hannun Ingilishi, Ƙonni kuma hannun Faransa. Babana ɗan kasuwa ne. Wata kaka ya kai goro Ƙonni, sojan Faransa suka kama shi tare da wasu, aka tafi da su aikin hanya can arewa. Innata na da goyo, ga daka, ga kuka a ɓoye. Ni kuwa ƙafata ta ƙi tsayawa. Da an kau da ido, na bi hanyar arewa ina leƙa fuskar duk mai jaki.

Ba ni kaɗai ba ce, yaran unguwarmu da yawa ubanninsu ba su dawo ba. Sai liman ya tara manya a ƙofar masallaci, aka yanke cewa kowane babba ya riƙi hannun yaro ɗaya, don Allah, ba lada sai ta lahira. Yaro na kwana gidansu, amma wuninsa na hannun mai riƙonsa. Maƙeri ya ɗauki ɗaya, majemi ɗaya. Ni ba wanda ya ɗauka, don an san halina. Wata tsohuwa 'yar garin Araba, mai sayar da gabu, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta aika ta ce a ba ta ni. Goggo nake ce mata.

Ta koya mini tsinkar ganyen albasa, da kirɓa shi, da dunƙula shi a shanya a rana. Hannuna na aiki, kunnena na hanya. Ran nan da bazara, ta shiga ɗaki ɗauko faifai, na sulale. Na wuce tulin duwatsun da aka ce shi ne iyaka, na yi ta tafiya har ƙishirwa ta zaunar da ni gindin wata aduwa. Ƙaya ta cika mini tafin ƙafa. Can na hango Goggo tana ɗingishi, da gora a hannu, gwiwarta ta kumbura.

Na jira duka. Ta miƙo mini ruwa.

"Mi kika biɗa, ɗiyata?"

"Baba."

"Ke ɗai? Kin san wanda za ki tambaya?"

Na girgiza kai.

"To, daga yau tare za mu tahi. Ke ki ɗau kaya, ni in yi tambaya."

Haka aka yi. Duk ranar kasuwar Ƙonni, ina gaba da ƙwaryar gabu, tana baya da sanda. Ta tambayi fatake, ta tambayi Buzaye masu gishiri. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ba shi ba ne. Ni dai ban ƙara guduwa ba, don na san ranar tafiya na zuwa.

Da damina ta faɗi, muka tarar da wani ramamme bakin rumfar mahauta, ya tsere daga wurin aikin. Goggo ta ja shi gefe suka daɗe. A hanyar dawowa ta tsaya, ta sauke mini ƙwaryar da kanta, ta riƙe kafaɗuna.

"Zazzaɓi ya ɗauke babanki. Mutumen nan na cikin waɗanda sunka yi mai sutura. Ki yi kukanki nan, in mun isa gida innarki za ta buƙace ki."

Na yi kuka har gero ya daina ganuwa a idona. Mako na zagayowa, sai ga ta ƙofar gidanmu da sandarta. Na ce ai babu sauran wanda za mu nema. Ta ce, "Ke fa? Na ce na gama da ke?"

Tana riƙe da ni har aka kai ni ɗaki, ita ta wanke ɗana na fari.

Yau manyan motoci ke layi a bakin iyaka, ana canjin kuɗin sefa, yara na ratsawa tsakanin tayoyi da tiren talla. Ina zaune ina kallonsu, zuciyata ba ta kwanta ba. Wata yarinya kullum takan tsaya ita kaɗai tana duban hanya. Na tambayi mutane ko 'yar wa ce, kowa ya ce bai sani ba. Gobe, in Allah ya kai mu, ni zan kira ta in tambaye ta da bakina.